Zanen da ke kan sakaina

An ce wai a zamanin fatake an yi wata tsohuwa mai suna Tasalla, wadda ɗanta guda, Jatau, ya bi ayarin goro ya shekara bakwai babu labari. Idonta ya riga ya dushe, amma kullum sai ta kwashe masa tuwo ta rufe, in gari ya waye ta ba maƙwabta.

Rannan wani baƙo ya kawo mata abu ƙunshe a tsumma. Ya ce shi ma a hannun wani ya karɓa, abin da aka gaya masa kawai a kai wa uwar Jatau, kuma akwai rubutu a jiki. Da jin an ce rubutu, baiwar Allah ta ƙi taɓawa da hannu, don kada ya zama da sunan Allah a ciki. Haka ta riƙa yawo da shi a ƙunshe, tana neman mai gaya mata ko ɗanta na raye.

Wani Buzu a zango ya kwance ƙunshin, ya ga zagaye da ɗigo a tsakiya, ya ce harafi ne na rubutunsu, amma harafi ɗaya ba ya magana. Wani Babarbare ya ce shaidar raƙuman danginsu ce, ke nan ɗanta ya yi dukiya. Wani Balarabe ya ce a garinsu haka suke zana wa kayan da ya isa lafiya. Kai, kowa da tasa! Tsohuwa ta yi murna da safe, ta yi kuka da yamma, har ta rame.

Daga ƙarshe ta je gaban Alƙali Nomau, ta durƙusa ta ce, "Allah gafarta Malam, mutum uku sun karanta, sun ba ni magana uku. Ka raba mini, in ci gaba da jira ko in yi masa sadaka."

Alƙali ya jujjuya abin, ya ga sakaina ce, ya kai hanci ya ji tsamin fura. Sannan ya ce, "Babu wanda ya yi miki ƙarya, Inna, kowa abin garinsu ya gani. Amma wannan zane ya tsufa, wanki ya cinye bakinsa, ba don saƙo aka yi shi ba. Babu sunan Allah a jiki. Miƙo hannunki."

Ta miƙa, ya ɗora mata sakainar a tafin hannu. Yatsanta na bin zagayen, ya faɗa cikin ɗigon, sai ta ce, "Wayyo Allah! Ni na ƙona shi da tsinken ƙarfe, a gindin ƙoƙonsa, ranar da zai tafi."

Ba sai an gaya mata sauran ba. Kowa ya san al'adar fatake, ba a mayar da ƙoƙon mutum gida sai in ya gama shan rabonsa a duniya. Alƙali ma hawaye ya share, ya ce, "Ki yi masa sadaka. Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙuri."

Tasalla ta rungume sakainar ta koma gida. Ran nan ba ta kwashe tuwon kowa ba sai nata, shi ma ba ta iya ci ba.

Shi ya sa duk alamar da ta gagari masu karatu, a koma wa hannun da ya zana ta, can ma'anarta take.