Ƙofar Mutanen Tsallake

An yi wani mutum a wani gari na bakin kogi, tun ba a haifi yawancinku ba. Sunan garin ba zai ƙara muku komai ba. Mutumin dai ana ce masa Jatau mai fito. Sana'arsa ke nan, ya kai mutanen gari tsallake a jirginsa, ya ɗauko na tsallake ya kawo su gari. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Wani bawan Allah ne mai ƙarancin magana, in ka gaishe shi ya amsa, in ba ka gaishe shi ba shi ya gaishe ka.

Bayan jirgin, abin da ya mallaka ɗan lambu ne a kan gaɓa, daidai inda yake ɗaure jirgin. A ciki akwai itatuwan mangwaro. Matarsa Lantana ce ta dasa su shekarar da aka kawo ta, ta riƙa ɗebo ruwan kogi da tulu tana ba su. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ta rasu, mangwaron ne ya rage. A inuwarsu yake cin abinci, a nan yake sallar azahar, a nan yake zama ya yi shiru in babu mai hayewa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wata damina hukuma ta ce za ta gina ƙaramar sakandare a garin, don yaran da suka gama firamare su daina zaman banza. Yaran gari da na ƙauyen tsallake, duka. Aka ba da fili tsakanin gari da kogi. Fuskar filin tana kallon gari, bayansa kuma ya jingina da lambun Jatau.

Wanda aka turo ya zana ginin ana ce masa Malam Isiyaku. Mutum ne mai hankali. Ya ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, ba 'ya'yana za su zauna a ciki ba, naku ne. Ina so in ji bakin kowa kafin in ja layi na ƙarshe." Ya sa mata suka tara masa toka. Ya bi filin yana zuba ta, ya zana makarantar a ƙasa da girmanta na gaskiya, ga aji, ga aji, ga katanga, ga ƙofa tana kallon gari. Ya ce kowa ya zo ya shiga ciki ya taka, ya faɗi abin da ya gani. Ranar Laraba za a taru a yanke. Washegari zai koma birni, kuma zanen da ya tafi da shi, shi za a gina.

Ana cikin haka kogi ya kawo. Ruwa ya yi ja, yana tafe da rassa. Mutanen tsallake babu wanda zai yarda ya shiga jirgi. Mai gari ya kira Jatau ya ce, "Kai ne ka san kogin nan. Haye ka ji abin da suke so, ka kawo mana."

Jatau ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Ya haye shi kaɗai ranar Talata. Mutanen tsallake suka taru a ƙofar gidan dattijonsu, ya kwatanta musu zanen da tsinke a ƙasa. Sai wata tsohuwa ta matso da sandarta. Gwaggo Tabawa ke nan, yayar mahaifin Lantana, wadda ita ta raka ta ɗakin Jatau ranar da aka kai ta.

Ta ce, "Ina ƙofa?"

Ya nuna mata.

"To, namu in sun sauka daga jirginka, ta ina za su shiga?"

"Sai su bi bakin kwazazzabo, Gwaggo, su zagaya ta tasha, su ɓullo ta gaba."

"Ta tasha. 'Yan mata masu tasowa, safe da yamma, ta gaban 'yan kamasho." Ta buga sandar a ƙasa. "Ka gaya musu a buɗe ƙofa ta biyu ta wajen kogi. In babu ita, maza su je, matanmu ba za su je ba."

Maza suka ce haka ne, maganar kowa ke nan.

Ku saurara. Gaɓar nan duk yumɓu ce mai zabtarewa. Wuri ɗaya ne tak mai ƙarfin da za a sara matakala a hau, shi ne inda mangwaron Lantana yake tsaye. Jatau ya san haka. Tsohuwar ma ta sani.

Ta dube shi ta ce, "Na san wadda ta dasa. Kafin ka san ta na san ta. Amma ka gaya musu, mangwaron mai fito bai fi mutuncin 'ya'yanmu ba."

Jatau ya sunkuyar da kai.

"Kuma na san ba za ka faɗa ba. Wa zai kai gatari gidansa da hannunsa? Ka gaya musu ma na ce ba za ka faɗa ba."

Aka yi dariya kaɗan. Jatau bai yi ba. Ya yi musu sallama ya koma jirgi.

Da ya iso ya tarar da ƙanensa Nomau a lambun yana jiransa. Ya ba shi labari. Nomau ya dubi itatuwan ya ce, "Yaya, wa ya ji maganar nan a wannan gefen?"

"Ni da kai."

"To, kogin nan ba zai sauka ba sai bayan mai zane ya tafi. Ka ce sun ce duk abin da aka yanke ya yi."

"Ƙarya ke nan."

"To, kar ka yi ƙarya. Ka ce suna gaisuwa. Ba su yi gaisuwa ba?"

"Sun yi."

"Ka ga. Ko ka faɗa a hankali, a ƙarshe, lokacin da kowa ya gaji. Ka ce wata tsohuwa ta yi maganar ƙofa. Wa zai tsaya? Ka faɗa, ka fita haƙƙinsu, mangwaro ya tsira. Kai fa ko ɗan da zai shiga makarantar ba ka da shi."

Jatau ya dube shi. Nomau ya kawar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Yaya."

Jatau ya ɗora hannu a jikin itacen da ya fi kusa da shi. Akwai tabon igiya a nan, inda Lantana take ɗaura shanya. Amma kada in ɓoye muku, maganar Nomau ta shige shi. Ba ta ƙaryar ba, wannan bai ko waiwaye ta ba. Ta ƙarshen ce ta zauna masa a ƙirji, ka faɗa, amma ka faɗa yadda ba za a ji ba.

Laraba ta zo. Gari ya fito kan filin, manya da yara suna yawo cikin ɗakunan toka. Liman ya ce a bar wurin alwala kusa da rijiya. Mata suka turo babbarsu ta ce banɗakin 'yan mata ya yi kusa da na maza, a raba su nesa. Maƙeri ya ce a ɗaga rufi sama, kwano da rana ba ya tausayin kowa. Samari suka ce filin ƙwallo ya yi kaɗan, wani dattijo ya ce, "Karatu aka ce za a yi ko gudu?" Mai shayi ya nemi a matso da ƙofa kusa da teburinsa, aka ce masa ya bari sai an gina jami'a. Duk maganar da ta karɓu, Malam Isiyaku ya share layi da ƙafa, ya ɗebo toka a ƙwarya ya ja sabo.

Jatau yana tsugune a baya. Babu wanda ya tuna da shi. Rana ta karkata, hadari ya haɗo daga gabas, ladan ya kama hanyar masallaci. Mutane suka fara kaɗe tabarmi. Mai gari ya miƙe, yana gyara rigarsa ya hango shi.

"Af, Jatau. Mutanen tsallake lafiya dai ko? Ba su da wata magana ko?"

Kun ji irin tambayar. Tambaya ce da ta zo da amsarta a hannu. Kai kawai zai gyaɗa. Nomau yana gefe yana kallonsa.

Jatau ya miƙe. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba sai in yana kiran masu hayewa, ya ɗaga ta irin wannan ɗagawar.

"Ranka ya daɗe, suna da magana. A zauna."

Mutane suka juyo. Wasu suka koma kan tabarmi.

Ya tako har cikin zanen, ya tsaya a layin katangar baya. Ya faɗi maganar tasha da 'yan kamasho. Ya kwatanta nisan zagayen, da yadda bakin kwazazzabo yake santsi da damina. Wannan ma tsohuwar ba ta faɗa ba, shi ya ƙara, don ya san in da ta tuna da ta faɗa. Ya ce suna son ƙofa ta biyu ta wajen kogi, in babu ita matansu ba za su zo ba.

Malam Isiyaku ya ce, "Ta ina za a hau gaɓar? Na ga tana zuba."

"Akwai wuri ɗaya mai ƙarfi."

"Ina?"

Jatau ya nuna da hannu. Kowa ya bi hannun da ido, kowa ya ga mangwaro.

Ya ce, "Da saura. Gwaggo Tabawa ta ce in gaya muku, mangwaron mai fito bai fi mutuncin 'ya'yansu ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ta kuma ce in gaya muku ta ce ba zan faɗa ba."

Wani ya fara dariya, ya ga babu mai taya shi, ya bari.

Mai gari ya ce, "Wannan tasu ce, mun ji. Kai fa, me ka ce?"

"Ni ba na so, ranka ya daɗe. Wallahi ba na so. Amma ba tawa aka aike ni in kawo ba. In kun tambaye ni wadda ta fi, tasu ta fi."

Malam Isiyaku ya tsaya da ƙwaryar toka a hannu, bai motsa ba. Sai Jatau ya sa ƙafarsa ya share layin katangar da kansa, daidai faɗin ƙofa. Aka tafi salla. Ruwa ya sauko bayan la'asar ya wanke tokar duka, amma ƙofar ta riga ta shiga zanen takardar Malam Isiyaku.

Yanzu kuna jira in ce muku an sami dabara mangwaro ya tsira. Bai tsira ba. Da rani ya shigo aka sare su, aka sara matakala a wurin. A ranar, Jatau ya wuni a tsallake, bai dawo ba sai da aka kwashe rassan. Kuna jira in ce ya yi arziki. Bai yi ba. Har ya mutu yana fito da jirginsa. Ko sunansa ba a sa wa ƙofar ba, ƙofar tsallake ake ce mata. Kullum da safe ya sauke 'yan mata a gindin matakala, su hau da gudu suna surutu, ba su san abin da ya taɓa tsayawa a wurin ba. Shi kuma ya koma cin abincinsa a cikin jirgi, a rana.

Abu ɗaya na sani. Da kogi ya sauka aka kai wa Gwaggo Tabawa labari, ta ce, "Har ta mangwaron ya faɗa?" Aka ce har ita. "Har da cewa ba zai faɗa ba?" Aka ce har da wannan. Ta riƙe baki. Bayan shekaru, da ciwon ajali ya kama ta, 'ya'yanta maza suna zaune a gabanta, ta ce a kira mata mai fito. Shi ta faɗa wa wasiyyarta. Ta ce masa, "Kai ne ba ka rage magana."

'Yan'uwa, amana ba kaya kaɗai ba ce. Maganar wanda ba ya nan amana ce. Kuma ana cin ta ba tare da an yi ƙarya ba. Ka faɗe ta a makare, ka ci amana. Ka faɗe ta ƙasa-ƙasa don kada a ji, ka ci amana. Ka cire mata ƙarfinta ka kawo ɓawon, ka ci amana, ko da duk kalmar da ta fita bakinka gaskiya ce.

Ku duba kanku. Kai da mahaifiyarka ta aika wurin yayanka, ka faɗi rabin da ya yi maka daɗi. Kai da unguwa ta tura taron makaranta, ka je ka faɗi taka ka ce ta mutane ce. Kai da maƙwabci ya ce ka isar masa da uzurinsa, ka isar kana taɓe baki. Wanda ya aike ka yana tsallake, ba ya jin ka. Amma akwai Wanda ya ji lokacin da aka ba ka, yana kuma ji lokacin da kake bayarwa.

Kowannenmu yana da nasa mangwaron. Ranar da saƙon wani ya biyo ta kansa, ku faɗe shi da ƙarfin da mai shi zai faɗa da yana nan. Allah ya sa mu iya.