Inna Ƙa'ida da Kyanwar da Ta Ƙi Ci

A ɗakin ƙarshe na saman wani tsohon bene akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna Ƙa'ida. Ɗaliban makarantar kwana ne suka laƙaba mata sunan, domin ta ƙare ƙarfinta tana shugabantar ɗakin girkinsu, kuma duk maganar da za ta yi sai ta rufe da cewa ƙa'ida ce. Mace ce mai tsafta da amana, ba a taɓa kama ta da ƙwayar shinkafar ɗalibai a jakarta ba. Aibinta ɗaya ne, amma babba: idan ta kafe a kan abu, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta sauka. Babbar ƙa'idarta ita ce, yaron da ya ture kwano kada a lallashe shi, kada a canza masa wani abincin, yunwa za ta dawo da shi. A iya saninta wannan magani bai taɓa ƙin ci ba.

Da ta ajiye aiki, sai duniya ta yi mata shiru. Maigidanta ya rasu, ɗansu tilo ya yi aure ya tafi aiki wani gari mai nisa, sai dai waya lokaci-lokaci. Maƙwabta kuwa gaisuwa ce kawai a matakala, don babu mai son a duba masa takalmi a ce bai goge ba. Abin da ya rage mata a gidan shi ne kyanwar marigayi, wata ƙatuwar fara mai baƙin tabo a hanci, wadda ya raɗa wa suna Gimbiya saboda yanga. Shi ya sangarta ta. Abinci iri ɗaya kawai take ci, wasu busassun ƙwayoyi masu ƙanshin kifi da ake sayarwa a jar leda, a shagon bakin titi.

Inna takan ce ita ba ta ga abin so a dabbar da ba ta aikin fari balle na baƙi ba. Faɗa ce kawai. Da asuba Gimbiya ce ke tashinta, ita ke zama a gefen tabarma har ta idar da salla. Ita Inna ke ba labarin tsadar kasuwa da ciwon gwiwa, ita take yi wa faɗa idan faɗan ya taso babu wanda za a yi wa. Da yamma kyanwar ta hau cinyarta ta lumshe ido, sai tsohuwar ta ji gidan ya ɗan yi ɗumi. Da za a cire Gimbiya daga wannan ɗaki, sai Inna ta wuni ba ta buɗe baki ba.

Wata rana ta sauka sayen abincin, mai shago ya ce mata an daina kawo na jar leda, ga wani na shuɗiya, shi ma mai kyau ne. Ya ƙara da shawarar da ya ji daga masu kyanwoyin da ke saya a wurinsa: idan akwai ragowar tsohon a gida, ta riƙa zuba sabon kaɗan-kaɗan a ciki, kullum tana ƙarawa, har kyanwar ta saba ba tare da ta ankara ba.

"Ɗan nan," in ji Inna, "na ciyar da 'ya'yan mutane ɗari-ɗari ban yi wa kowa dabara ba. Kyanwa ce zan zauna ina yi wa lallashi?"

Mai shago ya ce Allah ya huci zuciyarta, ya miƙa mata kayanta.

Akwai ragowar tsohon kuwa, kusan kwata na ledar, wanda zai ishi a yi wannan haɗin cikin kwanciyar hankali. Amma Inna ta ga cewa ranar da ta daɗe tana jira ce ta zo, ranar da za a raba Gimbiya da sangarta. Muddin tsohon yana gidan, zuciyarta za ta iya karyewa. Don haka ta ɗauki ledar ta sauka da ita har wurin zuba shara, ta dawo tana haki, ta cika kwano da sabon.

Gimbiya ta zo da wutsiya a sama. Ta sunsuna, ta ja baya, ta ɗaga kai ta dubi Inna. Sannan ta shiga kartar siminti a gefen kwanon, kamar yadda take yi idan tana binne ƙazanta. Wannan ya ƙona wa tsohuwar rai ƙwarai. Ta ce mata ai shi ke nan, in ta ga dama ta ci, in ta ga dama ta bari, ba ita ta fara ba.

Kwanakin farko gidan bai zauna lafiya ba. Kyanwar ta bi ta kicin, ta bi ta banɗaki, tana kuka tana goga jiki a ƙafarta. Ta je gaban kabad ɗin da ake ajiye jar leda ta zauna tana kallon ƙofarsa. Inna na cin burodi da shayi, idon Gimbiya na kan hannunta, amma ko ɓarɓashi ba ta jefa mata ba, don kada a ɓata horo. Kullum da safe ta zubar da na jiya ta zuba sabo, kullum da yamma ta tarar da shi yadda ta bar shi. Abin yana damunta, ba wai ba ya damunta ba. Sai dai duk lokacin da tausayi ya taso mata, sai ta tuna yaran da suka yi mata irin wannan taurin kai suka dawo da kansu, ta danne.

Daga baya kukan ya ragu, sannan ya tsaya. Gimbiya ta daina bin ta, ta koma kwanciya a gefen taga, ba ta ma lasar jikinta. Inna ta ɗauki wannan shirun a matsayin alamar nasara. A makaranta ma haka suke yi, sai sun yi laushi sannan su miƙa wuya.

Ana cikin haka ɗanta ya kira. Bayan gaisuwa ta ba shi labari tana alfahari, har ta tuna masa cewa shi ma da yana yaro a makarantar haka ta yi masa, ga shi ya zama mutum. Sai ya tambaye ta tun yaushe kyanwar ba ta ci ba. Da ta faɗa masa, sai muryarsa ta canza.

"Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mu ba yunwa ce take dawo da mu ba. Akwai mai burodi a bayan katanga, duk wanda ya ƙi abincinki can yake zuwa, har ni. In kuɗinmu ya ƙare mu dawo layi. Ita Gimbiya wace katanga za ta haura? Don Allah ki kai ta wurin likitan dabbobi yau."

Inna ta ce wato har ya yi girman da zai koya mata ciyarwa, ta kashe wayar. Ta zauna tana huci. Abin da ya fi ɓata mata rai ba maganar kyanwa ba ce, mai burodin nan ne da ta yi shekaru ba ta san da shi ba. Saboda haushin wannan ta ƙara jinkirtawa, wai kada ya zama maganar yaro ta bi.

Ranar da ta farka da asuba babu wanda ya tashe ta, ranar ce gabanta ya faɗi. Ta duba taga, babu. Ta kira, shiru. Da kyar ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo ta leƙa ƙarƙashin gado, sai ga Gimbiya can lungu a dunƙule. Da ta jawo ta, sai ta ji ƙashin bayanta a tafin hannu, gashin ya cukurkuɗe, yawu na zuba a gefen baki. Cikin kunnenta ya yi ruwan ɗorawa. Inna ta buɗe gwangwanin kifi, wanda ta hana ta tun farko, ta kai mata har baki. Kyanwar ta kau da kai.

Gari na wayewa ta naɗe ta a tawul, ta sa a kwando, ta tari mota. A ɗakin jira na asibitin dabbobi kowa da wanda ya rako shi, ita kaɗai ce daga ita sai kwandonta. Likitar, wata matashiya mai sanyin murya, ta duba dasashin kyanwar da idonta, ta yi tambayoyi, ba ta ɗaga murya ba. Ta bayyana mata cewa kyanwa ba kamar yaro ba ce, ba ma kamar kare ba. Tana iya ƙin abincin da ba ta sani ba har ta halaka, kuma idan ta daɗe ba ta ci ba, musamman mai ƙiba irin wannan, kitse ne ke taruwa ya toshe hanta. Daga nan ko an kawo abin da ta fi so ba za ta iya ci ba. Ta ce da an haɗa tsohon da sabon a hankali, ko an ɗan ɗumama mata abinci mai laushi don ƙanshi ya tashi, ko kuma an kawo ta tun ranar da aka ga ta wuni ta kwana ba ta ci ba, da abin bai kai nan ba.

"Yanzu fa, 'yata?" in ji Inna. Wannan ne karo na farko cikin shekaru da ta nemi wani ya gaya mata abin yi.

"Za mu yi iya ƙoƙarinmu, Inna. Amma ta yi nisa."

Aka yi wa Gimbiya ƙarin ruwa, aka sa mata siririyar roba ana ɗura mata abinci. Inna ta riƙa zuwa kullum tana zama a gefen kejin, tana ba ta haƙuri a hankali don kada ma'aikata su ji. Ta zaga shagunan gari da ciwon gwiwarta har ta samo jar leda a wani shago mai nisa, ta kawo ta buɗe a gaban hancinta. Gimbiya ta buɗe ido ta dube ta, ta motsa wutsiya kaɗan, ba ta ɗaga kai ba. Washegari da Inna ta iso, likitar ta tarye ta a bakin ƙofa, tun kafin ta yi magana tsohuwar ta gane.

Ta hau matakalar benen tana hutawa, kwandon babu nauyi. Ta buɗe ƙofa ta yi sallama kamar yadda ta saba, ta tsaya tana jiran abin da zai zo ya goga mata ƙafa. Sai ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ba ta yi irinsa ba tun rasuwar maigidanta. Ta ɗauki waya za ta kira ɗanta, kunya ta hana ta, ta ajiye. Daga wannan rana babu wanda ya sake ture kwano a gidan Inna Ƙa'ida, domin babu wanda ya rage da za ta zuba wa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk ran da Allah ya damƙa a hannunka, na mutum ko na dabba, amana ce, kuma ba a yi wa amana horo da yunwa. Dabarar da ka ga kamar ta yi maka aiki a wani wuri ba lallai ta yi a ko'ina ba, wataƙila ma can ɗin ba ita ta yi aikin ba. Idan za ka raba wani da abin da ya saba, bi shi sannu, domin sannu ba ta hana zuwa. Idan marar baki ya yi shiru, kada ka ɗauka ya sallama, je ka duba lafiyarsa. Kuma shawara ko daga bakin ɗan da ka haifa ta fito, karɓe ta tun tana da amfani, don wanda ya ƙi ji ba zai ƙi gani ba.