Tsagar Jariran Rafin Kuka

An yi wani sarki a Kwargo, Jatau, mai yawan zargi, wanda ko gaisuwa aka tsawaita masa sai ya nemi dalili. A zamaninsa Sarkin Maje ya cinye ƙauyukan gabas, ya bar Rafin Kuka kaɗai. Garin na Kwargo ne, amma ko ta ina ka fita sai ka taka ƙasar Maje. Jatau da kansa ya raɗa wa irin wannan gari suna tsibirin tudu, wai ba ruwa ne ya kewaye shi ba, abokan gaba ne. Sunan ya bi bakin mutanen ƙasar.

Abin da ke cin Sarki a rai shi ne, me ya sa Maje ta bar garin? Ana nan sai dagacin garin, Tanko, ya zo gaisuwa sanye da riga ɗinkin Maje. Ai kuwa Sarki ya ce ga shaida ta kawo kanta. Ya sa aka tsare shi, ya ce a sare kansa bayan Juma'a.

Alƙali Malam Ilu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni kwana bakwai. Babba yana iya ɓoye zuciyarsa, to mu tambayi waɗanda ba su fara magana ba."

Sarki ya yarda, amma har alƙalin ya sa aka riƙa bin sawunsa.

Malam Ilu ya aiki wata tsohuwa mai tallan daddawa zuwa Rafin Kuka. Ya ce kada ta tambayi kowa komai, ta dai shiga gida-gida tana leƙa fuskar duk jaririn da ke goye. Domin a Kwargo, ranar suna wanzami kan yi wa jariri tsaga uku a kowane kunci, Maje kuwa ɗaya suke yi a goshi.

Ran kwana na shida ta dawo, ƙafa duk faso, Malam Ilu ya kai ta gaban Sarki. Ta ce, "Ranka ya daɗe, goyo goma sha ɗaya na gani, duk uku-uku. Ta jikan dagaci ma ko warkewa ba ta yi ba."

Aka kawo Tanko cikin mari. Sarki ya ce, "To rigar fa?"

Tanko ya ce, "Allah ya ja zamaninka, da ita nake wuce masu tsaron hanyarsu. Ni na iya ɓuya. Yaran nan kuwa, duk ranar da Maje ta fusata, fuskarsu ce za ta fara tona su. Mun san haka muka kira wanzami."

Kunya ta rufe Jatau, ya kasa ɗaga kai. Ya sauko daga karaga, ya kwance marin da hannunsa.

Wanda ke son sanin inda zuciyar mutum take, ya bar duba abin da ya yafa, ya duba abin da ya yarda ya ɗora wa ɗansa.