Ciki da Falon Inna Tasalla

Ku gyara zama, yau ba labarin dariya na zo muku da shi ba. In na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, don ni na daɗe ina juya shi a raina ban samu mafita ba.

An yi wata mata a bayan gari mai suna Tasalla, sana'arta daddawa. Tun da aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa kwana a ƙarƙashin rufin da za ta kira nata ba. Daga wannan gidan haya sai wancan, har ta daina kwance wasu ƙullin kayanta. Da mijinta ya rasu, tana cikin takaba mai gidan ya aiko cewa ɗansa zai yi aure, yana son ɗakin. Ta roƙa a bari ta fita takaba, aka ce an riga an sa rana. A rumfar wata maƙwabciya ta ƙarasa kwanakin, kusa da turken awaki. Tun daga lokacin ba ta ƙara roƙon Allah dukiya ba. Abu ɗaya take roƙo, ranar da ta mutu a yi mata wanka a inda babu mai cewa a yi sauri.

'Ya'yanta uku sun san wannan addu'ar tata. Ana nan sai hukuma ta fito da wani shiri na taimakon waɗanda ba su taɓa mallakar gida ba. Suka haɗu suka ce ko da me za a yi, sai Inna ta samu.

Babbansu Nafi'u malamin firamare ne. Shirin ba ya karɓar kowa sai mai albashi, kuma sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa. Shi da matarsa da tarin yara a ɗaki guda suke haya, matar kuwa ta daɗe tana jiran irin wannan dama. Duk da haka ya ba da sunansa. Ya je gaban mai unguwa ya ce takarda tasa ce amma gida na Inna ne, shi ba zai ja da duk wanda ta ba bayan ranta ba. Daga nan aka shiga yankar albashinsa duk wata, ba kuma za a daina ba sai ya yi ritaya. Tasalla ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A bakin mutane ta ji an cire babbar 'yarsa daga makaranta, shi bai taɓa faɗa mata ba.

Amma suna kaɗai ba ya kawo gida, sai an ba da kafin alƙalami, Nafi'u kuwa ba shi da shi. Ƙanwarsa Zulai tana da injin markaɗe, da shi take ci da kanta da 'ya'yanta, har da mijin, wanda ya daɗe ba ya aiki. Ta sayar da injin ta kawo kuɗin gaba ɗaya. Da mijin ya ji, ya ce tunda ta zaɓi uwarta sai ta tafi can, ya sake ta. Ta koma wankau a gidajen mutane, tana kwana da yaranta a ɗakin girkin wata ƙawarta. Duk ranar da ta zo gaisuwa takan ɓoye hannayenta cikin mayafi, don kada Inna ta ga yadda sabulu ya cinye su.

Da aka nuna musu gidan, ashe kango ne, ciki da falo, ba rufi ba ƙofa. Aka ce duk wanda bai rufe nasa kafin damina ba za a karɓe a ba wani, abin da ya biya kuma ya bi ruwa. Babu kuɗin biyan ma'aikata. Sai autansu Ilu, wanda kafinta ne, ya ajiye aikin da yake yi wa wani ɗan kwangila ya tare a kangon. Shi ne safe, shi ne rana, yana bin tsofaffin abokan aiki yana roƙon ragowar katako da kwano. Ranar da yake buga kwanon ƙarshe hadari ya taso. Mutane suka ce ya sauko, ya ce saura kaɗan. Ya gama ɗin, amma iska ta tsinko shi daga sama ya faɗo a kan bulo. Masu duba gini suka zo suka ce gida ya yi. Ilu kuwa bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Yana kwance a soron surukansa, inda aka fara gajiya da shi.

Haka Tasalla ta shiga gidanta. Ta kwance duk ƙullinta, ta jera kwanukanta, ba mai buga mata ƙofa ƙarshen wata. Amma in ruwa ya sauka a kan kwanon nan sai ta toshe kunne, don ta san wanda ya buga shi. Ba ta shekara ba ciwo ya kwantar da ita, ta kuma gane ba na tashi ba ne.

Ta sa aka tara su. Aka ɗauko Ilu a kan tabarma aka ajiye shi kusa da gadonta. Ta san dokar shirin ta hana a sayar da gidan ko a sa haya sai an gama biya, filin kuma ba shi da wurin ƙara ko ɗaki ɗaya. Iyali guda kaɗai zai ɗauka. Ta san kuma mai gidan da Nafi'u yake haya ya ba shi wa'adin tashi.

Ta ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Nafi'u ya sunkuyar da kai ya ce maganar da ya yi gaban mai unguwa tana nan. Zulai ta ce ita ba don a biya ta ta yi ba. Ilu ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya ce, "Inna, ni duk inda aka ajiye ni nan ne. Amma ki faɗa da bakinki, kada ki bar mu da ita."

Tasalla ta zaro makullin daga ƙarƙashin matashi ta riƙe. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Na roƙi wurin mutuwa, Allah ya ba ni. Ban san da rayuwarku za a biya ba."

Ga numfashi yana yi mata wuya, ga su ukun sun zuba mata ido. Ba don sunan Nafi'u ba da ba a ba da gidan ba. Ba don injin Zulai ba da sunan bai yi amfani ba. Ba don Ilu ya ƙi saukowa ba da an karɓe gidan tun kafin a shiga.

To, ku da kuke saurare, in ku ne Inna Tasalla, a hannun wa za ku sa makullin nan?