Malam Tanimu Da Shafin Da Ba Ya Korar Baƙo

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba zan ambaci sunansa ba, don in na faɗa wasunku za su shiga laluben danginsa su bar ni da wa'azina. Shekarun baya ne, lokacin da wayar shafa ta fara shiga ƙauyuka, har manomi ya iya tsayawa a kunya yana duba farashin taki. Sunan bawan Allahn nan Malam Tanimu. Malamin gona ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana bin gonakin mutane, rana ta duke shi, ruwa ya duke shi, har ya yi ritaya bai ajiye komai ba sai gida mai ɗaki uku da mutunci.

Da ya zauna a gida, sai abin ya dame shi. Ya ce wa matarsa Kuluwa, "Ilimin nan da ke kaina, in na mutu da shi wa zai amfana? Ba a noma a kabari."

Kuluwa tana da ƙane, Sabi'u, magidanci ne mai shagon kwamfuta a bakin kasuwa. Shi ya buɗe wa Malam shafi a intanet. Malam ya dinga rubutu da Hausa tsantsa: yaushe ake shuka, yaya ake gane takin da aka haɗa da yashi, wane ƙwaro ne ke cin wake, wane ne abokin manomi da bai kamata a kashe ba. Wanda bai iya karatun boko ba, Malam ya naɗa masa murya ya saurara. Kyauta. Ku ji da kyau, kyauta.

To amma ku saurara. Shafin intanet kamar rumfar kasuwa yake, haya ake biya duk shekara. Masu shafi da yawa da talla suke biyan hayar: kamfani ya liƙa tallarsa a gefen rubutunka, duk wanda ya gani a ba ka ɗan wani abu. Haka Sabi'u ya tsara, aka yi shekara biyu lafiya lau.

Sai mutane suka gano wata manhaja da ake sa wa a waya, tana tare talla. Ka buɗe shafi ka ga rubutu kawai, talla ba ta fitowa. Wannan ya sa, wancan ya sa, ɗan abin da ke shigo wa Malam ya ƙafe kamar rafi a watan bazara. Masu karatu suna ƙaruwa, abin biyan haya yana raguwa.

Ran nan da hantsi Sabi'u ya yi sallama, ya samu Malam a zaure yana gyara hoton wata tsutsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya Malam, na zo da magani. Manyan shafuka duk sun yi, saura mu. Akwai katanga da zan gina a ƙofar shafin nan. Duk wanda ya zo da manhajar tare talla, sai rubutu ya fito masa: ka kashe ta, ko ka koma inda ka fito. Minti goma na gama."

Malam ya ce, "Wato in kori baƙo."

"Ba baƙo ba ne, Yaya Malam, ɗan cin banza ne. Ka sha wahala ka rubuta, shi ko kallon talla ba zai iya yi maka ba?"

Jama'a, kada ku yi saurin zagin Sabi'u. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Guminka halalinka ne, kuma wanda ya yi aiki ya cancanci lada. Malam ma ya san haka, shi ya sa bai yi gardama ba. Abin da ya ce kawai, "Ba ni kwana uku. Ban taɓa yanke wa gona hukunci ban shiga cikinta ba. Sai na ji dalilin da ya sa suke tare tallar."

Ranar kasuwa ya tafi layin 'yan albasa, wurin wani manomi da ya daɗe da sani, Ilu. Suka gaisa, Ilu ya shimfiɗa masa buhu ya zauna. Malam ya ce, "Ilu, kana shiga shafina?"

"Kullum, Malam. Albasar nan da kake gani, da shawararka na adana ta ba ta ruɓe ba."

"Kana da abin nan mai tare talla?"

Ilu ya sunkuyar da kai, ya sosa ƙeya. "Ina da shi, Malam."

"Kashe shi, ka buɗe mini shafin in gani da idona."

Ilu ya ce, "Malam, a bar maganar nan." Malam ya nace. Ilu ya kashe, ya miƙa masa wayar, ya kau da fuskarsa gefe.

Innalillahi! Ku saurara, jama'a. Ita talla ba iri ɗaya ake nuna wa kowa ba, kuma Malam bai san haka ba. A kwamfutarsa tallar taki da injin ban ruwa yake gani. Amma a wayar Ilu, kafin sunan Malam ya fito, sai ga tallar caca tana tsalle. Ya ture ta, sai ga hoton mace babu suturar kirki. Ya ture, sai ga wani magani wai yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a kwana bakwai. Wayar ta yi zafi, ta tsaya cik. Kafin rubutun albasa ya bayyana, saƙo ya shigo: datar Ilu ta ƙare.

Ilu ya ce a hankali, "Ka gani, Malam. Ni ban iya karatu sosai ba, maiɗakina ce ke karanta mini. Da wane ido zan miƙa mata wannan? Kuma datar nan, sai na sayar da kwanon albasa nake sa ta."

Malam Tanimu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara biyu, a ƙarƙashin sunansa, ana kai wa gidajen mutane caca da batsa da maganin ƙarya, shi kuwa yana karɓar ladan. Ya kama hannun Ilu ya ce, "Ka yafe mini. Kai ba ka cuce ni ba, ni na cuce ka."

Daga kasuwar bai je gida ba, shagon Sabi'u ya wuce. Ya ce, "Sabi'u, abu biyu nake so. Na ɗaya, ba za a gina katangar nan ba. Na biyu, duk tallar da ba ni na zaɓe ta da idona ba, cire ta yau."

Sabi'u ya miƙe tsaye. "Yaya Malam! Na kawo maka maganin ciwon kai, kai kuma ka ce a yanke kan gaba ɗaya? Da me za ka biya haya?"

"Allah ya ba ni ilimin nan ban saya ba. Rijiya ta bayar, ni guga in hana? Mutum ya rufe idonsa daga abin kunya, ni kuma in ce sai ya buɗe kafin in gaya masa abin da ke cin gonarsa? Ba zan iya tsayawa gaban Allah da wannan ba."

"To wallahi shafin nan ba zai kai baɗi ba."

"In ya mutu, ya mutu da mutuncinsa."

Sabi'u ya yi aikin yana huci. A saman shafin Malam ya sa aka rubuta layi ɗaya: "Sannu da zuwa. Ko wace irin waya ka riƙe, shigo ka karanta."

Kuna tsammani washegari aka buɗe masa taskar arziki? A'a. Ba haka Allah yake jarraba bayinsa ba. Wahala ce ta zo, ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Fansho ya yi jinkiri. Nama ya ɗauke daga miyar gidan. A majalisa aka sa masa suna Malam mai shafin sadaka, in ya wuce a yi ta ƙus-ƙus. Lokacin haya ya matso, kamfanin da ke riƙe da shafin ya aiko da gargaɗi cewa za a rufe.

Kuluwa ta daɗe tana jin haushin abin, ta ma faɗa masa ba sau ɗaya ba. Amma ranar da ta ga ya zauna ya zuba tagumi, abinci ya huce a gabansa, sai ta fita bayan gida ta kwance ragon da ta shekara tana kiwo. Ta ce, "Malam, a kai shi kasuwa."

"Kuluwa, ragon layyarki ne."

"Na sani. Har yanzu ban gane wannan taurin kai naka ba. Amma shekara talatin ban taɓa ganin ka ci haram ba, ba kuma a kaina za ka fara ba."

Allahu Akbar! Mata, kun ji ko? Da ragon nan shafin ya ƙara shekara.

Damina ta faɗi, masara ta kai gwiwa, sai Allah ya kawo wata tsutsa da yawancin manoman yankin ba su taɓa gani ba. Tana shiga can cikin zuciyar masara ta ɓuya, ka yi feshi a kan ganye ita tana ciki tana ci. Gona ta kwana kore, ta wayi gari kamar an bi ta da almakashi. Malam ya ɗauki sandarsa da wayarsa, da tsufansa, ya bi gonaki kwana huɗu. Ya ɗauki hoton tsutsar, ya nuna inda take ɓuya. Ya naɗi murya ya yi bayanin lokacin da take fitowa, da yadda ake zuba magani a cikin zuciyar masarar ba a kan ganye ba, da abin da mara hali zai iya yi da toka da yashi kafin ya samu magani. Ya ɗora a shafin, ya koma gida ya kwanta zazzaɓi na mako guda. Bai san wa ya gani ba, bai san wa ya ji ba.

Kaka ta yi. Wata ranar Laraba bayan la'asar, Malam yana zaure sai ya ji ƙugin babbar mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Ya fito, ya ga mota shaƙe da buhuna, mutane sun kai ashirin suna sauka, babu wanda ya sani a cikinsu. Wani dattijo mai farin gemu ya matso ya ce, "Salamu alaikum. Nan ne gidan Malam Tanimu malamin gona?"

"Nan ne. Allah ya sa lafiya."

Dattijon ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Muryar ce, wallahi muryar ce! Malam, ni ne Mamuda, sarkin noman wani ƙauye a hayin kogi, tafiyar yini guda daga nan. Mu a garinmu waya ba ta kamawa sai an hau kan dutse. Da tsutsar nan ta faɗo mana, muka hau dutsen muna neman bayani. Shafi uku manya muka buɗe, kowanne ya ce sai mun kashe abin tare talla. Muka kashe a waya ɗaya, talla ta cinye datar ba mu ga ko harafi ba. Saura waya ɗaya mai ɗan abin da ya rage. Muka buɗe naka, nan take ya buɗe, har da sannu da zuwa. Muka sauke muryarka, muka sa a lasifikar kasuwa. Ƙauye bakwai suka ji, Malam. Ƙauye bakwai! Maƙwabtanmu da labari bai kai musu da wuri ba, kara suka girbe. Mu ga abin da muka girbe."

Ya nuna motar, ya ce masarar da ke ciki duk ta Malam ce. Malam ya dubi buhunan, sai hawaye.

Unguwa ta cika. Masu ce masa mai shafin sadaka su ne a gaba wajen sauke buhu. Sarkin noma ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Kuma ƙungiyarmu ta manoma ta yanke shawara. Muddin muna noma, hayar shafin nan a wuyanmu take. Sharaɗinmu ɗaya, kada a canza shi daga yadda yake."

Sabi'u yana cikin taron, labari ya iske shi a shago ya rufe ya taho. Ya ratso mutane, ya durƙusa a gaban Malam ya ce, "Yaya Malam, da ka bi shawarata, da da hannuna na rufe wa mutanen nan ƙofa. Ka yafe mini."

Malam ya ɗaga shi. "Tashi, Sabi'u. Kai ka gina shafin, ladanka yana ciki. Je ka nemo masu awo, masarar nan ta fi ƙarfin gida ɗaya." Kafin magariba, babu gidan gwauruwa ko mara lafiya a unguwar nan da ba a shiga da ƙwaryar masara ba.

To jama'a, ga darasin, ba zan ɓoye shi cikin zance ba. Wanda ya buɗe ƙofarsa don Allah, Allah ba ya barin sa a waje. Ban ce neman halali laifi ne ba, ban ce kowace talla haram ce ba. Abin da na ce, kafin ka kori mai buƙata, tashi ka je ka ji uzurinsa. Wataƙila ba rowa ce ta hana shi ba, wataƙila cutar daga wajenka take ba ka sani ba.

Kada wani ya ce ni ba ni da shafin intanet. Kana da famfo a gidanka maƙwabta suna sayen ruwa? Kana da sana'a a hannunka da ka ƙi koya wa kowa? Kai ma'aikaci, takardar talaka tana kan teburinka sai ya yi maka abin da ransa ba ya so kafin ka sa hannu? Ke mai sayar da magani, kina duba halin wanda ya zo ko aljihunsa kawai? Kowannenmu akwai abin da Allah ya damƙa masa, kuma za a tambaye shi wa ya bari ya amfana, wa ya mayar hannu rabbana.

Ku koma gida yau, kowa ya tuna mutum ɗaya da ya taɓa mayarwa, ya neme shi tun kafin rana ta faɗi. Allah ya sa mu cikin masu sauƙaƙa wa bayinsa, ya sauƙaƙa mana ranar da babu mai sauƙaƙawa sai shi. Ku ce amin.