Bakaniken da Ya Ƙara Muryar Kaset

A wani gareji da ke bayan tasha akwai wani bakanike da ake wa laƙabi da Mai Kunne. Shi ba ya buɗe inji sai ya saurare shi tukuna. Mota za ta shigo tana tari, ya karkata kai ya ce, "Fanbel ne," a duba kuwa a tarar haka ne. Gwani ne, babu musu. Sai dai Allah ya zuba masa girman kai, ba a gaya masa magana a kan mota ya ji.

Yana da wa guda, wanda ciwon sukari ya cinye wa ido. Tun suna samari Yayan ya koya masa son wata ƙungiyar makaɗa masu jita da ganguna. A kaset suka san su, a kaset suka tsufa da su, ba su taɓa ganin su ido da ido ba. Rannan aka sanar cewa makaɗan za su yi wasan ban kwana a wani birni mai nisa, daga shi sun ajiye kiɗa. 'Yar Yayan ta saya musu tikiti biyu.

Wayyo, zo ka ga murna wajen tsofaffin nan! Yaya ya sa aka goge masa rigarsa tun saura mako. Kullum da yamma sai a jawo shi gareji, ya zauna a kan tsohuwar taya yana rera waƙoƙin, Mai Kunne na amsawa daga ƙarƙashin mota.

"Auta," in ji Yaya, "ni ba gani zan yi ba. So nake in ji gangar nan a ƙirjina sau ɗaya kafin in mutu."

Matar Mai Kunne ta ce, "Maigida, ku hau bas mana. Wannan akwalar taka ko kasuwa ba ta kai ni sai na tura."

"Ni? Ina gyara wa mutane mota in hau ta haya? A ce me a gareji?"

Ita kuwa motar, abin da ya cire daga motocin mutane da shi yake lallaɓa ta. Tiyon lagiretonta ya tsage, ya naɗe shi da roba ya ɗaure da waya. Ya san sabo ake bukata. Ya ce ai hannunsa ya fi sabo.

Suka kama hanya da sassafe, kaset na tashi, suna waƙa kamar yara. Rana ta take, sai Yaya ya dafa shi.

"Auta, rage kaɗan. Ina jin wani tsiii a gaba."

Mai Kunne ma ya ji. Wallahi ya ji, ya kuma san ko mene ne. Amma a ce wani ya riga shi ji, a motarsa?

"Haba Yaya, iska ce. Ka bar wa mai abu abinsa."

Ya miƙa hannu ya ƙara muryar kaset.

Ba su yi nisa ba hayaƙi ya turnuƙe gaban motar. Ruwa ya tsiyaye tas, inji ya buga. Daji ne, babu gida gaba babu gida baya. Mai Kunne ya yi ta fama har hannunsa ya ƙone, a banza. Yaya na zaune a bakin titi cikin gogaggiyar rigarsa, yana ta shafa tikitinsa. Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

Sai da rana ta yi sanyi wata babbar mota ta tausaya ta ɗauke su. Suna isa ƙofar zauren wasan, jama'a na ta fitowa, wasu na share hawaye. Mai Kunne ya ja hannun wansa suka kutsa ciki.

"An fara?" in ji Yaya.

Ƙarar kujerun da ake tattarawa ce ta amsa. Makaɗan sun riga sun tafi, sai ma'aikata ke kwashe kaya. Mai Kunne, mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba, ya durƙusa wa wani ma'aikaci ya ce don Allah a bar wansa ya taɓa gangar.

Yaya ya ɗora tafinsa a kan fatar, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Da sauran ɗuminta, Auta," ya ce a hankali. "Ashe kaɗan ya rage mu same su."

Nan Mai Kunne ya fashe da kuka a gaban mutane.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne. Gwaninta ba ta amfanar wanda ya toshe kunnensa ga gaskiya don kada a ce wani ya riga shi sani. Idan an ja hankalinka, tsaya ka duba, ko da kai ne malamin abin. Sau da yawa ba mai girman kan kaɗai ke shan wahalarsa ba, har da wanda ya amince ya shiga motarsa, kuma akwai damar da idan ta wuce ba ta dawowa.