Kafinta da Ƙararrawar Keken Kawu

Akwai wani kafinta da kowa ya yarda hannunsa na da kyau. In ya haɗa kujera, sai dai mai zama ya tsufa ya bar ta. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba ya iya jin an yabi wani a gabansa. Ko shayin wani aka ce ya yi daɗi, sai nasa ya daina shiga.

Abu biyu yake ji da su a duniya, 'yarsa Auta da karensa Duna. Kullum da yamma in ya rufe shago, sai su uku su bi wata siririyar hanya da ke gefen rafi. Masu keke da masu karnuka duk suna bin hanyar, kuma sun daɗe da fahimtar juna. Mai keke zai kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ya rage gudu. Mai kare kuma ya kira karensa, ya riƙe shi a gefe har keken ya wuce. Duna ya fi kowane kare sanin wannan. Da ya ji ƙararrawa, ko ba a kira shi ba, zai dawo ya zauna kusa da ƙafar maigidansa.

Ana nan sai ƙanen matarsa ya dawo unguwar da zama, da wani jan keke mai sheƙi. Daga ranar bakin Auta bai sake hutawa ba. Kawu ya iya sakin hannu a kan keke. Kawu ya ce zai koya mata. Kafinta ya ɓata yammaci guda yana sassaƙa mata dokin katako, ya goge shi sumul, ya shafa masa fenti. Ta karɓa, ta ce, “Na gode, Baba,” ta ajiye shi a bayan ƙofa, ta fita neman Kawu.

“Mene ne abin burgewa a keke?” ya tambayi matarsa. “Ƙarfe ne fa da roba.”

Ta yi dariya. “Baban Auta, da keke kake kishi ko da ƙanena?”

Maganar ta ci shi. Ya daina zuwa da Auta yawo, tunda ita hankalinta na can.

Wata yamma ya ji ƙararrawar Kawu daga bayan kwana. Duna ya dawo ya zauna kamar kullum. Sai Kafinta ya duƙa, ya nuna keken, ya ce a hankali, “Kama shi!” Karen ya yi jim, sannan ya zabura da haushi. Kawu ya karkace, ya afka cikin ciyawa, ƙafa ɗaya a sama.

“Haba Yaya, ka riƙe mutumin naka mana!” in ji shi, yana kakkaɓe wando yana dariya.

“Gwani ma yana faɗuwa?” in ji Kafinta. Ya daɗe bai ji sanyi a ransa irin na ranar ba.

Daga nan abin ya zama sana'a. Yakan zo da guntun nama a aljihu. In ƙararrawar Kawu ta yi ƙara, Duna ya bi keken, sai ya samu nama. Ba a daɗe ba karen ya manta da zama. Wani tsoho mai yawo da karensa ya tare Kafinta, ya ce, “Ɗana, sa masa igiya. Karen nan ya lalace, zai ja maka.” Kafinta ya ce wasa ne kawai, ya wuce.

Abin da bai sani ba shi ne, Auta ta iya keke. Ta roƙi Kawu da mahaifiyarta kada su faɗa, don tana so ta ba babanta mamaki. Ranar da ta shirya, Kawu ya sauke mata sirdi, ya tsaya a farkon hanya, ya bar ta ta tafi ita kaɗai.

Kafinta ya ji ƙararrawar da ya sani daga bayan kwana. Ya yi murmushi, ya sa hannu a aljihu. Duna bai ma jira umarni ba. Sai da jan keken ya ɓullo ya ga wadda ke kai, tana washe baki tana kiran, “Baba, duba!”

“Duna! Dawo! Zauna!”

Karen bai waiwayo ba. Watanni ke nan ana ba shi nama don kada ya dawo. Ya shiga gaban taya, keken ya kife, Auta ta faɗi a kan duwatsun bakin rafi. Hannunta ya karye, haƙorinta na gaba ya fita. Duna kuma ya ja ƙafar baya yana kuka, ƙafar da ba ta ƙara taka ƙasa daidai ba.

A asibiti, bayan an ɗaure hannun, Auta ta dubi babanta da kumburarren leɓe.

“Baba, na kaɗa ƙararrawa fa. Na rage gudu, yadda Kawu ya ce. Kai nake so ka fara gani.” Sannan ta ce, “Me ya sa Duna bai zauna ba?”

Kawu ya sunkuyar da kai. Matar Kafinta ta kafe mijinta da ido, tana jira. Kafinta ya kawar da kai gefe. Guntun naman yana nan a aljihunsa.

Hannun ya warke. Amma Auta ba ta sake hawa keke ba, ba ta sake yarda Duna ya matso kusa da ita ba, kuma ko babanta ya roƙa, ba ta bin sa hanyar rafi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hanyar da jama'a ke bi tare amana ce. Mai keke ya sanar da zuwansa ya rage gudu, mai kare ya kira karensa ya riƙe, wanda karensa ba ya jin kira kuma ya sa masa igiya. Sannan mu ji tsoron kishi. Kare ba ya sanin wanda kake jin haushi, abin da ka koya masa kawai ya sani. Muguntar da ka tanada don wani, ba kai za ka zaɓi wanda za ta samu ba.